In Kunne Ya Ji: Manomi da Kasafin Kuɗin Ƙasa

Kowace shekara, in kaka ta yi nisa, rediyo yakan cika da zancen kasafin kuɗi. Mukan ji an ce tiriliyan kaza za a kashe, tiriliyan kaza za a ranto. A tarurruka da dama da muka zauna tare da ku, akwai masu cewa wannan zance na manya ne, babu ruwan mai fartanya da shi. Mu kuwa muna ganin da ruwanmu. Kuɗin taki, da hanyar da motar hatsi za ta bi, da tsaron da zai bar mutum ya je gonarsa ya komo lafiya, duka a cikin wannan takarda ake yanke su. Domin haka muka ga ya kamata mu bayyana abin dalla-dalla. Za mu fara da abin da kowane manomi ya riga ya iya, watau kasa kunne.

ABIN DA KUNNEN MANOMI YA SANI

Babu makarantar da ta koya mana muryar daji, amma tun muna yara mun san ta. In hadari ya haɗu a gabas muka ji cida tana ruri can nesa, mun san ruwa yana tafe. In ruwan farko ya sauka, dattawa ba su yin garaje. Sukan dakata su ji ko kwaɗi sun ɗauki kuka a fadama da kududdufai, su kuma tona ƙasa su ga iyakar inda laima ta kai, gama ruwan farko yakan yaudari mutum ya zuba irinsa, sa'an nan sama ta ɗauke. Da kaka, in muka ji hayaniyar jan-baki da almuru a cikin ciyayin bakin gulbi, mun san gero da dawa suna cikin hatsari, sai a ta da yara da gwangwanaye tun da asuba. Gyaɗa mukan girgiza ta a kunne, in ta yi kacau-kacau mun san ta bushe. Mace ba ta biyan kuɗin tukunya a kasuwa sai ta ƙwanƙwasa ta, ta ji ko akwai tsaga.

Akwai wani saurare kuma wanda muke so kowa ya gwada. Da dare, sa'ad da gida ya yi tsit, ka ɗora kunnenka a jikin buhun waken da ya yi wata biyu ko uku a ajiye. In ƙwari sun yi yawa a ciki, za ka ji wani ɗan ƙas-ƙas ba fasawa. Dalili shi ne, ƙwaron yakan nasa ƙwai a jikin waken, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda ta shiga cikin ƙwayar, ta yi ta ci daga ciki har ta girma ta fito. A lokacin zafi wajen wata guda ya ishe ta, 'ya'yanta kuma su ɗauka daga inda ta tsaya. A duk wannan lokaci buhun yana nan a cike, bakinsa a ɗinke, mai shi yana lissafin kuɗin da zai samu da bazara. Wanda ya zuba wakensa a buhun nan mai ninki uku, ya ɗaure kowane ninki tam, ya hana iska shiga, shi kam in ya saurara bayan 'yan kwanaki zai ji shiru.

Ɓarna takan yi sauti tun kafin ido ya gan ta. Haka yake ga buhun wake, haka kuma yake ga baitulmalin ƙasa.

MENE NE KASAFIN KUƊI?

In an gama girbi, magidanci yakan tsaya gaban rumbunsa ya yi lissafi: dami kaza na ci, kaza na iri, kaza na biyan bashin taki, kaza na sayarwa domin makarantar yara. Kasafin kuɗin ƙasa shi ne wannan lissafi, sai dai gwamnati takan yi nata tun amfanin bai zo gida ba. Shugaban Ƙasa yakan kai wa Majalisar Tarayya ƙiyasin abin da ake sa ran samu da abin da za a kashe. Majalisa ta duba, ta ƙara ko ta rage, sa'an nan Shugaba ya sa hannu ya zama doka. Haka Gwamna yakan yi da Majalisar Dokokin Jiha a Gusau.

Bari mu ɗauki kasafin Gwamnatin Tarayya na 2025, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a ƙarshen Fabrairu na shekarar. Jimlarsa naira tiriliyan 54.99 ne. Tiriliyan ɗaya shi ne miliyan sau miliyan. In an ce mu miliyan 220 ne a Nijeriya, to, ya kama wajen naira dubu 250 ke nan a kan kowane mutum na shekara guda. A ɗauka kuɗin duka mudu 55 ne na dawa. Wajen mudu 14 na biyan bashi ne da ruwansa. Wajen mudu 13 na albashi ne da hidimomin yau da kullum. Wajen mudu 24 na ayyuka ne, kamar hanyoyi da madatsan ruwa da gine-gine. Saura mudu 4 na hukumomin da doka ta ce a ba su nasu kai tsaye, irin su kotuna da hukumar zaɓe. Watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi ga masu bin mu bashi tun ba a ɗebi na tuwo ba.

Wannan lissafi a kan zato aka gina shi. An zaci za a riƙa haƙo gangar mai miliyan 2.06 kowace rana, a sayar da kowace ganga dala 75. A cikin 2025 haƙar ba ta kai wannan adadi ba, farashin kuma ya zauna ƙasa da dala 75 a yawancin watanni. Idan haka ta faru, bashi ba ya jira, albashi ba ya jira, sai ayyuka su ne ke jira. Shi ya sa aka yi ta ƙara wa'adin ayyukan kasafin 2024 har zuwa ƙarshen 2025. Abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban.

Yawancin kuɗin mai da manyan haraji a tukunya ɗaya ake tara su a Abuja, a raba kowane wata. A tsarin rabon da aka fara aiki da shi a 2004, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, bayan an fitar wa jihohin da ake haƙo man kashi 13. Jiharmu ta Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato a 1996, da ƙananan hukumominta 14, yawancin abin da suke kashewa daga wannan tukunya yake fitowa. Saboda haka in farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya, ana jin faɗuwar har Kwatarkwashi da 'Yandoto.

TSIBIRIN DA YA CINYE IRINSA

Domin mu ga abin da yakan sami ƙasa mai dogara ga arzikin da ake haƙowa, bari mu yi tafiya mai nisa. Can gabas da nahiyar Asiya akwai Tekun Fasifik, wanda ya fi dukan tekuna girma. A cikinsa akwai ƙananan ƙasashe, waɗansu ba su kai Tsafe yawan jama'a ba. Ƙanƙantarsu ce ta sa labarinsu ya yi sauƙin ganewa, gama abin da yakan ɓuya a babbar ƙasa a can a fili yake. Abin da ya haɗa mu da biyu daga cikinsu kuwa shi ne taki. Harafin P da kuke gani a jikin buhun NPK, da takin nan da muke kira supa, daga wani dutse ake samun su mai suna fosfet.

Ƙasa ta farko ita ce Nauru. Tsibiri ne guda, faɗinsa kadada 2,100 kawai, mutanensa wajen dubu 12. A 1900 aka gane tsakiyar tsibirin cike take da fosfet mai kyau ƙwarai. Shekara da shekaru Turawan Ingila da Ostareliya da Niyu Zilan suka yi ta kwasa suna kai wa gonakin ƙasashensu da araha. Nauru ta sami mulkin kai a 1968 a ƙarƙashin shugabanta na farko, Hammer DeRoburt, a 1970 kuma haƙar ta koma hannun 'yan ƙasa. A shekarun 1970, in an raba kuɗin shigar ƙasar a kan jama'arta, suna cikin mafi arziki a duniya. Ba haraji, makaranta kyauta, asibiti kyauta.

Ba za a ce ba su yi tanadi ba. Sun san dutsen zai ƙare, suka buɗe asusu domin 'ya'ya da jikoki, wanda a 1991 ya haura dala biliyan ɗaya ta Ostareliya. Amma ƙwaro ya shiga buhun. Aka kafa kamfanin jiragen sama wanda ya yi ta faɗuwa ana cike masa gurbi. Aka sayi otal-otal da filaye a ƙasashen waje, aka gina bene mai hawa 52 a birnin Melbon. A 1993 har kuɗin wasan kwaikwayo aka zuba a Landan, wasan kuwa ya mutu cikin 'yan makonni. Gwamnati ta yi ta kashe fiye da abin da take samu, tana jinginar da kadarorin asusun tana cin bashi. Siyasa kuma ta ƙi zama. Majalisarsu mutum 18 ce a lokacin, in biyu ko uku suka sauya gefe sai gwamnati ta faɗi. Tsakanin 1989 da 2003 an sauya gwamnati sau 17. Wanda bai san ko zai kai baɗi a kujera ba, da wuya ya yi tattalin abin jikoki.

Kafin 2002 abin da ya rage a asusun bai kai dala miliyan 150 ba. A 2004 masu bin bashi suka karɓe benen Melbon, a 2005 aka ƙwace jirgin sama guda da ya rage musu. Ƙasar noman ma ta tafi. An sare itatuwan da tsuntsayen teku ke sheƙa a kai, an kwashe ƙasar sama, aka bar wajen kashi huɗu cikin biyar na tsibirin sai tsinin duwatsu da ramuka. Abinci sai na gwangwani daga waje, ciwon sukari ya yi yawa. Daga 2001 ƙasar ta shiga karɓar kuɗi daga Ostareliya domin ta tsare mata masu neman mafaka a sansani. A 2002 ta bar ƙawance da Taiwan ta koma wa Sin, a 2005 ta komo Taiwan, a 2024 ta sake komawa Sin. Wanda rumbunsa ya ƙare ba shi da zaɓin maƙwabci. Sai a 2015 suka kafa sabon asusu, suka soma tari daga farko.

TSIBIRAN DA SUKA ƊAURE BAKIN BUHU

Maƙwabciyarta ita ce Kiribas, wadda ake rubutawa Kiribati. Tsibirai 33 ne warwatse a teku, jama'arta wajen dubu 120. Ita ma tana da tsibirin fosfet guda, Banaba. A 1956, tun zamanin mulkin Ingila, aka buɗe asusun ajiya da harajin dutsen, da kuɗi wajen rabin dala miliyan ɗaya ta Ostareliya. A 1979, shekarar da suka sami mulkin kai, a shekarar ce aka daina haƙar. Babban abin da ke kawo musu kuɗi ya yanke rana ɗaya.

Shugabansu na farko, Ieremia Tabai, yana da shekara 29 ya hau mulki. Shi da gwamnatinsa suka zaɓi su ɗaure ciki, su rage kashe kuɗi, su bar uwar kuɗin tana haihuwa, ba a taɓa ta sai a ɗan tsakuri daga ribar. Gwamnatocin baya ba duka suka yi irin wannan haƙuri ba. A shekarun 2000 an ɗiba da yawa, rikicin bankunan duniya na 2008 kuma ya ci wani ɓangare. Amma sun ji ƙas-ƙas ɗin da wuri, suka rage ɗiba, suka riƙa mai da rara cikin asusun. Kafin 2020 ya haura dala biliyan ɗaya ta Ostareliya.

Wani abu kuma da suka yi zai yi wa 'yan gama kai daɗin ji. Tekunsu cike yake da kifin tuna, irin wanda ake sa wa a gwangwani, manyan jiragen ƙasashen waje kuwa suna kamawa suna biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1982 ƙananan ƙasashen yankin suka ƙulla yarjejeniya a Nauru, har suka kai su takwas. Daga 2007 suka soma sayar wa jirage ranakun kamun kifi, suka ƙayyade yawan ranakun, suka kuma yanke farashin da ba mai sayarwa ƙasa da shi. Abin da suke samu tare ya tashi daga wajen dala miliyan 60 a 2010 zuwa wajen miliyan 500 kafin 2020. Wannan shi ne abin da muke faɗa kullum game da haɗa buhunan waken soya a sayar da baki ɗaya.

Kada mu ɗauka Kiribas ta zama aljanna. Ƙasar matalauta ce har wa yau. Mutanen Banaba, masu ƙasar da aka haƙe, an kwashe su a 1945 aka kai su wani tsibiri a Fiji, su ne suka biya kuɗin wannan asusu da gadonsu. Yawancin tsibiran kuma mita biyu ko uku kawai suka ɗara teku, tekun kuwa yana ƙaruwa, gishiri yana shiga rijiyoyi. A 2014 gwamnatin Shugaba Anote Tong ta sayi fili a Fiji domin gudun ko-ta-kwana. Amma wanda yake da ajiya, in masifa ta zo yana da abin motsawa.

MU WACE HANYA MUKA BI?

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Iyayenmu sun ba mu labarin zamanin da gyaɗa da auduga ke riƙe da Arewa, jirgin ƙasa yana ɗibarsu daga Kauran Namoda da Gusau zuwa kudu. Hukumomin sayen amfanin gona suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar kuwa da ita aka yi ayyuka da yawa na gwamnati. Watau gumin mai fartanya shi ne ya fara cika baitulmali.

A 1973 zuwa 1974 farashin gangar mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12. A daidai lokacin fari yana cin ƙasar nan, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta gama da amfanin shekarar. Kuɗin mai ya rufe wannan rauni har aka manta da shi. An yi ƙarin albashin Udoji. An yi odar siminti har jirage ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas a 1975, ana biyansu kuɗin jira. Mu ma mun ga namu rabon. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Gusau da rancen Bankin Duniya, tare da na Funtuwa da Gombe, aka yi hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki, gwamnati tana ɗauke wa manomi fiye da rabin kuɗin buhu. Aka gina madatsar Bakolori a Talatar Mafara, inda a 1980 aka kashe manoma da dama a rikicin diyyar gonaki.

Da farashin mai ya juya, ba a tarar da ajiya ba. A 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu. A 1986 gwamnatin Ibrahim Babangida ta karya darajar naira, ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. A 2004 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta buɗe asusun rarar mai. Ya yi amfani, gama da shi aka biya ƙasashen Turai da sauran masu bin mu bashi wajen dala biliyan 12, suka yafe biliyan 18. A 2008 akwai wajen dala biliyan 20 a ciki. Amma babu doka mai ƙarfi da ta ɗaure bakinsa, tarayya da jihohi suka yi ta rabawa. A Yuli 2022 abin da ya rage bai kai rabin dala miliyan ɗaya ba.

Zamfara kuma tana da nata fosfet, watau zinariya. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar a 2019, ta ɗage hanin a Disamba 2024. Tambayoyin da mutanen Nauru ba su yi da wuri ba, su ne namu: nawa ke shiga baitulmali, nawa ake ajiyewa, wa zai cike ramukan, ina za a yi noma in an gama?

YADDA ZA MU KASA KUNNE

Ba sai mun iya lissafin tiriliyan ba. In ana karanta kasafi, na tarayya ko na jiha, ga abubuwa biyar da za mu saurara:

1. A kan wane farashin mai aka gina shi? In an gina shi a kan shekara mai albarka, kamar mutum ne ya ci bashi a kan ruwan farko.

2. Mudu nawa ke tafiya ga bashi, bashin kuma me aka yi da shi? Bashin da aka sayi shanun huɗa da shi daban yake da na biki.

3. Nawa aka ware wa noma? A 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Maputo za su ba noma kashi 10 cikin ɗari. Daga 2015 zuwa 2023 abin da kasafin tarayya ya ba ma'aikatar gona bai taɓa kai kashi 3 ba.

4. Nawa aka saki, kuma yaushe? Takin da ya iso a Agusta ya makara, ko da an rubuta shi tun Janairu.

5. Me kuɗin tsaro ya haifar? Mun san gonakin da aka bari saura a Tsafe da Bunguɗu saboda 'yan bindiga, mun san ƙauyukan da aka sa wa kuɗi kafin a bar su su yi girbi. Ma'aunin kuɗin tsaro shi ne ko manomi ya koma gonarsa.

Muna da ikon tambaya. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa dama ya rubuta wa hukuma ya nemi bayani, a ba shi amsa cikin kwana bakwai. A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka ƙungiya tana iya aika wakilai biyu ko uku, cikin ladabi, su tambayi kansila ko shugaban ƙaramar hukuma abin da ya shigo da abin da aka yi da shi. Mutum ɗaya ana iya sallamarsa da baki, amma wasiƙa mai hatimin ƙungiyoyi goma tana da nauyi. A tafi tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama hanya ɗaya muke bi zuwa kasuwa.

A FARA DAGA GIDA

Ba daidai ba ne mu tuhumi gwamnati da abin da mu kanmu ba mu yi. Mun ga ƙungiyoyin da suka mutu, ba don fari ba, sai don ba wanda ya taɓa jin an karanta littafin ma'aji. Ga shawararmu:

A rubuta kasafin ƙungiya kafin damina, a karanta shi da ƙarfi a gaban kowa, maza da mata. A gina shi a kan shekara matsakaiciya, in an sami ƙari a gode.

A shekara mai albarka a fitar da buhu ɗaya cikin goma a ajiye. A rubuta dokar taɓa shi tun ana zaman lafiya: a wane hali, da yardar mutum nawa, da sa hannun su wa. Mutum uku su sa hannu, kada su zama 'yan gida ɗaya.

Kuɗin iri da taki a ware su daban, kada a ranta su don biki ko jana'iza. A buɗe wa waɗannan nasu ƙaramin asusu.

Kada a ajiye kome da kome a kuɗi, gama a 2024 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekara, naira tana narkewa a akwati. Wani kashi a bar shi hatsi a buhu mai ninki uku. Kada kuma a tara shi a ɗaki ɗaya, saboda wuta da ɓarayi.

Ma'aji ya karanta shiga da fita kowane wata. Wanda ya yi tambaya kada a ɗauke shi mai neman fitina, shi ne kunnen ƙungiya.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU NA GABA

1. In amfanin bana ya faɗi da rabi, wata nawa ajiyar ƙungiyarmu za ta riƙe mu?
2. Yaushe rabonmu da jin an karanta littafin ma'aji?
3. Wane aiki ɗaya aka yi wa gundumarmu alkawari, wa za mu aika ya tambayo inda aka kwana?

Ku tattauna, magatakarda ya rubuto mana abin da kuka yanke, mu kuwa za mu buga domin sauran ƙungiyoyi su amfana. Kafin nan, kowa ya je ya ɗora kunne a buhun wakensa yau da dare. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.